Tambayoyi da Amsoshi: Abin da Alamomin Furotin Suke Faɗa Game da Ciwon Dajin Nono

A sashen masu ciwon daji na kowane babban asibiti ana iya ganin mata biyu masu shekaru kusan ɗaya, da ƙari mai girma kusan ɗaya a nono, amma a sallami ɗaya da ƙwayar da za ta riƙa sha kullum har shekara biyar, ita kuwa ɗayar a ce ta riƙa dawowa duk bayan mako uku ana saka mata magani ta jijiya. 'Yan uwa sukan ɗauka cewa an fifita wata a kan wata, ko kuma wani likitan ya fi wani sani. Galibi dalilin yana cikin wata takarda guda da ta fito daga ɗakin gwaje-gwaje, wadda ke ɗauke da 'yan haruffa irin su ER, PR, HER2 da Ki-67. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an gano dajin nono a jikin mata miliyan 2.3, kimanin 670,000 kuma suka rasu sanadiyyarsa, kuma a Najeriya shi ne ciwon dajin da ya fi kama mata. Amsoshin da ke ƙasa bayani ne a kan waccan takarda.

Mene ne ake nufi da alamomin furotin, kuma me ya haɗa su da ciwon daji?

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, kuma kusan duk aikin da ƙwaya take yi furotin ne yake yi mata. Wani furotin yana zaune a bangonta yana karɓar saƙo daga waje, wani yana can cikin cibiyarta yana ba da umarnin ta rabu gida biyu, wani kuma aikinsa ya manne ta da maƙwabciyarta don kada ta bar mazauninta. Ciwon daji yana somawa ne idan ƙwayoyin gadon da ke tsara waɗannan furotin suka sami matsala, sai wani furotin ya yi yawa fiye da kima, wani ya ɓace, wani kuma ya ƙi dakatawa da aiki. Duk furotin da za a iya aunawa a tsokar ƙarin ko a cikin jini, ya kuma sanar da likita wani abu game da halin cutar, shi ake kira alama.

Amfanin alama iri biyu ne. Wata tana nuna halin cutar ita kanta, wato ko mai gaggawa ce ko mai tafiyar hawainiya. Wata kuma tana nuna maganin da zai ci ta da wanda ba zai yi mata komai ba. ER da HER2 sun haɗa duka biyun, shi ya sa suka fi sauran daraja a idon likitoci.

Ta yaya ake gano su? Ba a ce daji ba ya son allura ba?

Ana ɗebo ɗan yankin tsoka daga ƙarin da wata allura mai kauri bayan an kashe zafin wurin, ko kuma a yi amfani da ƙarin da aka cire a tiyata. A ɗakin gwaji ana daskarar da tsokar cikin kaki, a yanka ta siriri fiye da fatar albasa, a ɗora kan gilashi, sannan a zuba mata wani sinadarin garkuwa da aka ƙera don ya kama furotin guda ɗaya tak. Duk inda ya kama sai wurin ya rine ya zama ruwan ƙasa, likitan nazarin tsoka kuma ya duba ta madubin ƙara girma ya ƙidaya yawan ƙwayoyin da suka rine da ƙarfin rinin. A takarda ana rubuta sunan wannan hanya da haruffan IHC.

Maganar cewa daji ba ya son ƙarfe ta daɗe a ƙasar Hausa, kuma ba a rasa inda ta samo asali ba: mata da yawa ba sa zuwa asibiti sai cuta ta riga ta ci jiki, idan aka taɓa wurin sannan jiki ya rikice sai a ɗora wa allurar laifi. Ɗibar tsoka da allura ba ta rage wa majiyyaciya damar warkewa. Abin da yake rage ta shi ne watannin da ake ɓatawa ana gudun allurar, da kuma ba da magani a makance ba tare da sanin irin dajin ba.

An rubuta cewa ƙarina yana da ER da PR. Me wannan ke nufi?

ER furotin ne da ke karɓar istirojin, sinadarin da gidan ƙwan mace yake fitarwa wanda ke sa nono ya girma a lokacin balaga. Ana iya kwatanta shi da kwaɗo, istirojin kuma mabuɗinsa. Idan mabuɗi ya shiga, sai ƙwayar ta sami umarnin hayayyafa. Ƙarin da yake ɗauke da wannan kwaɗo yana rayuwa ne da istirojin ɗin jikin matar, don haka idan aka hana shi, sai ya yi rauni. PR kuwa yana karɓar furojestaron, wani sinadarin da shi ma gidan ƙwan mace yake fitarwa, kuma da yake ER ne yake sa a ƙera shi, ganinsa shaida ce cewa hanyar istirojin tana aiki sosai a cikin ƙarin.

An gano amfanin wannan hanya tun kafin a san da furotin ɗin. A 1896 wani likitan tiyata a birnin Glasgow na Birtaniya, George Beatson, ya ba da rahoton cewa ya cire gidan ƙwai na matan da dajinsu ya yi nisa, ƙarin kuma ya ja da baya a jikin wasu, bai motsa ba a jikin wasu. Dalilin wannan bambanci bai fito ba sai bayan da Elwood Jensen na Jami'ar Shikago ya gano ER a ƙarshen shekarun 1950.

A yau idan aƙalla kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin ƙarin suka rine, ana ɗaukarsa mai ER, sai dai tun 2020 ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin Amurka ta ware masu kashi 1 zuwa 10 a matsayin masu ƙarancinsa, domin halinsu ya fi kama da na marasa shi. Maganin da aka fi sani shi ne tamoxifen, wanda, abin mamaki, an fara ƙera shi ne a Ingila don hana ɗaukar ciki, bai yi nasara a wannan ba. Yana shiga kwaɗon ya toshe shi, istirojin ya rasa wurin shiga. Bincike a kan dubban mata ya nuna cewa shan sa na shekara biyar yana rage mutuwa daga dajin nono da kimanin kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara goma sha biyar. Matan da suka daina haila ana iya ba su letrozole ko anastrozole, waɗanda suke hana jiki ƙera ɗan istirojin ɗin da yake samarwa daga kitse. Mai shan tamoxifen ba a so ta ɗauki ciki, kuma duk wani jinin da ya zo mata ba lokacinsa ba, ko kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, abu ne da za ta kai wa likita da gaggawa.

HER2 fa? Na ji an ce shi ne mafi muni.

Da can haka ne. HER2 furotin ne da ke bangon ƙwaya yana karɓar saƙon girma, kuma ƙwayar gadon da ke tsara shi tana kan kuromozom na 17, ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cibiyar ƙwaya. A kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na dajin nono, wannan ƙwayar gado tana ninkuwa sau da yawa, har bangon ƙwayar ya cika maƙil da furotin ɗin, ya riƙa aika saƙon rabuwa dare da rana ko babu wanda ya taɓa shi. A 1987 Dennis Slamon na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles tare da abokan aikinsa suka nuna cewa matan da ƙarinsu yake da wannan ninki cutarsu ta fi saurin dawowa, sun kuma fi saurin rasuwa.

Abin da ya sauya labarin shi ne trastuzumab, wanda aka sani da sunan kasuwa Herceptin, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998. Sinadarin garkuwa ne da ke manne wa HER2 kai tsaye. Sakamakon manyan gwaje-gwajen da aka bayyana a 2005 ya nuna cewa haɗa shi da kemo, wato magungunan da ke kashe ƙwayoyin daji masu saurin rabuwa, bayan tiyata yana rage dawowar cutar da kusan rabi. Akan ba da shi duk bayan mako uku har shekara guda, ana kuma duba ƙarfin zuciya da na'ura kusan duk bayan wata uku, saboda yana iya raunana ta, musamman idan an haɗa da wasu nau'o'in kemo.

A takarda ana rubuta sakamakon da 0, 1+, 2+ ko 3+. Mai 3+ yana da HER2 babu tantama, mai 0 ko 1+ ba a lissafa shi cikin masu shi, mai 2+ kuwa yana tsaka-tsaki, sai an yi wani gwajin mai suna FISH wanda ke ƙidaya ƙwayar gadon ita kanta. A nan ne mata da yawa a ƙasashenmu suke maƙalewa, domin wuraren da ke yin gwajin na biyu ba su da yawa, shi kansa maganin kuma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin iyalai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka trastuzumab cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa su ba a 2015, ta kuma tantance kwafinsa na farko mai rahusa a watan Disamba na 2019. Saboda haka gaskiyar magana ita ce munin HER2 a yau ya danganta ne da ko majiyyaciya za ta iya samun maganinsa.

Mene ne kuma ake kira ƙarancin HER2?

Su ne masu 1+, da masu 2+ da gwajin FISH bai nuna ninki ba. Trastuzumab ba ya amfanarsu, amma a 2022 wani babban gwaji ya nuna cewa sabon magani mai suna trastuzumab deruxtecan, wanda ke amfani da ɗan furotin ɗin da ke akwai a matsayin ƙofa ya shigar da guba cikin ƙwayar, ya tsawaita rayuwar waɗanda cutarsu ta bazu daga kimanin wata 17 zuwa wata 23. Ga mafi yawan marasa lafiya a Afirka wannan magani linzami ne da ya fi ƙarfin bakin kaza, amma ya sa bambanci tsakanin 0 da 1+ ya zama abin da ake rubutawa da kulawa.

Me lambar Ki-67 take nunawa?

Ki-67 furotin ne da ake samu a cibiyar ƙwaya lokacin da take cikin harkar rabuwa, ba a samunsa idan tana hutawa. Sunan ya fito ne daga birnin Kiel na Jamus inda aka gano shi a 1983. Idan aka rubuta kashi 40, ma'ana ƙwayoyi arba'in cikin kowane ɗari suna kan hanyar rabuwa. Kwamitin masana na duniya a kan wannan gwaji ya ce kashi 5 zuwa ƙasa kaɗan ne, kashi 30 zuwa sama mai yawa ne, abin da ke tsakani kuwa bai isa a dogara da shi shi kaɗai ba, domin likitoci biyu suna iya duba gilashi ɗaya su ba da lambobi mabambanta. Amfaninsa ya fi fitowa a ƙari mai ER, inda yake taimakawa a rarrabe mai sanyin tafiya wanda ƙwayar sha za ta iya isarsa da mai zafin tafiya wanda ke buƙatar a haɗa da kemo. Babbar lamba ba hukuncin kisa ba ce, hasali ma ƙwayoyin da ke saurin rabuwa su ne kemo ya fi ci.

Idan babu ER, babu PR, babu HER2 fa?

Wannan shi ne nau'in da za a iya kira mai rashi uku, a takarda kuma akan gajarta shi da TNBC. Ba shi da kwaɗon da tamoxifen zai toshe, ba shi da wurin da trastuzumab zai kama, don haka ginshiƙin maganinsa kemo ne, sau da yawa kafin tiyata, sai tiyata da gasa wurin da hasken na'ura. Ya fi kama mata masu ƙarancin shekaru, yana saurin girma, kuma idan zai dawo ya fi dawowa cikin shekara uku na farko. Yana da wani hali mai kyau da ba a cika faɗa ba: idan mace ta wuce shekara biyar lafiya, haɗarin dawowarsa yana raguwa ƙwarai, kuma idan kemo ya narkar da ƙarin gaba ɗaya kafin tiyata, fatan warkewa yana da ƙarfi.

Shin gaskiya ne wannan nau'in ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma?

Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka lambobin da ake yaɗawa ne abin dogaro ba. A tsakanin matan Turawa kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ne suke da mai rashi uku, kimanin kashi uku cikin huɗu kuma ƙarinsu yana da ER. A Amurka an tabbatar cewa baƙaƙen mata suna kamuwa da mai rashi uku kusan ninki biyu na farare. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi a Gana ya sami adadi mai yawa a can, amma a Habasha adadin ya yi kusa da na Turawa, abin da ya sa masana suke ganin gadon Afirka ta Yamma yana da hannu a lamarin.

A Najeriya kuwa bincike biyu sun ba da amsa mabambanciya. Ɗaya, wanda aka buga a 2009 a kan tsokar mata sama da 500 daga Najeriya da Senegal, ya sami ER a kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kacal. Ɗayan, wanda aka buga a 2008 daga Ibadan inda aka kula da yadda ake adana tsokar tun daga ɗakin tiyata, ya sami ER a kusan kashi biyu cikin uku. Irin wannan rata ba ta yi kama da bambancin jini ba, ta fi kama da bambancin yadda aka riƙe tsokar. Ga kuma wani dalilin: al'ummarmu yawancinta matasa ne, don haka tsofaffin mata, waɗanda su ne dajinsu ya fi zuwa da ER, ba su da yawa a cikin lissafin. A ganin mai wannan rubutu, babban haɗarin shi ne a ɗauka cewa duk matar da ta fito daga wannan yanki dajinta mai rashi uku ne, a hana ta ƙwaya mai arha da za ta iya ƙara mata shekaru.

To, ta yaya riƙon tsoka zai iya ɓata sakamako?

Furotin yana soma lalacewa daga lokacin da aka yanke tsoka daga jini, zafin gari kuma yana ƙara masa sauri. Ƙa'idar da ake bi ita ce a tsoma tsokar cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10, wato sinadarin da ke hana nama ruɓewa, kafin awa ɗaya ta cika, ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa awa 72, ruwan kuma ya ninka girman tsokar kamar sau goma. Fomalin yana ratsa nama a hankali ƙwarai, saboda haka idan nono ne gaba ɗaya aka cire, dole a tsattsaga shi kafin a tsoma, in ba haka ba tsakiyarsa, inda ƙarin yake, zai ruɓe alhali bayansa ya daskare.

Idan aka saɓa wa waɗannan, ER ɗin da ke cikin ƙarin zai iya ɓacewa, a rubuta cewa babu shi. Hakan yana faruwa idan aka zuba tsokar cikin ruwan gishiri ko sifirit, ko aka cusa babban ƙari cikin ƙaramar kwalba, ko aka miƙa wa ɗan uwa ya ajiye a gida har sai kuɗin mota ya samu. Mafi muni shi ne a cire ƙulli daga nono a ƙaramin asibiti, a ce ai ba komai ba ne, a jefar da shi ko a ba dangi su binne. Duk ƙullin da aka cire daga nono, komai ƙanƙantarsa, komai ƙuruciyar mai shi, haƙƙinsa ne a kai shi wurin likitan nazarin tsoka. Iyalin da za su amince a yi tiyata suna da damar tambaya tun kafin a shiga: ina za a kai tsokar, a cikin me za a saka ta, kuma yaushe za ta isa?

Shin alamomin suna nuna inda cutar za ta bazu?

Suna nuna inda ta fi karkata, ba su yanke hukunci. Daji mai ER ya fi son ƙashi, kamar ƙashin baya da na ƙugu, kuma yana iya kwantawa shekaru masu yawa kafin ya farka. Wani babban nazari da aka buga a 2017 ya bi matan da suka kammala shekara biyar na ƙwayar sha, ya tarar cewa daga nan zuwa shekara ta ashirin cutar ta bayyana a wani sashen jiki a kashi 13 cikin 100 na masu ƙaramin ƙari da bai taɓa kaluluwar hammata ba, da kashi 41 na masu babban ƙari da ya kama kaluluwa huɗu zuwa tara. Wannan ne ya sa ake tsawaita wa wasu ƙwayar har shekara goma, kuma shi ya sa ciwon baya mai naci a jikin matar da aka yi wa magani shekara takwas da suka wuce ba abin da za a danna da maganin ciwon jiki ba ne. Mai HER2 da mai rashi uku sun fi zuwa hanta, huhu da ƙwaƙwalwa, kuma sun fi yin haka da wuri.

Alamomin suna iya canjawa bayan an fara magani?

Suna iya canjawa. Ƙari ba ƙwaya iri ɗaya ba ne, taron dangi ne masu ɗan bambanci, kuma magani yana kashe waɗanda ya fi ƙarfi ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Idan aka gwada tsokar inda cutar ta bazu, a wasu mata akan tarar ER ko HER2 ya saɓa da na farko, PR kuma shi ya fi kowanne yawan ɓacewa. Wani lokaci ER yana nan amma siffarsa ta sauya ta yadda yake aiki ko babu istirojin, sai letrozole ya daina tasiri. Saboda haka idan cuta ta dawo kuma wurin yana ɗebuwa ba tare da haɗari ba, likitoci sun fi son a sake ɗibar tsoka maimakon a dogara da tsohuwar takarda.

Ba za a iya gano dajin nono da gwajin jini na CA 15-3 ba?

Ba za a iya ba, kuma a nan ake asarar kuɗi da kwanciyar hankali. CA 15-3 ɓangare ne na wani furotin mai suna MUC1 da ƙwayoyin ƙari suke zubarwa cikin jini. A farkon cuta, lokacin da gano ta yake da amfani, mafi yawan mata sakamakonsu daidai yake fitowa, don haka mace tana iya samun takarda mai cewa lafiya lau alhali ƙari yana girma a nononta. Ta ɗaya ɓangaren kuma yana iya hawa a jikin wadda ba ta da daji, saboda ciwon hanta ko ƙarancin bitamin B12. Haka ma CEA, wani furotin da shi ma ake aunawa a jini, wanda yake hawa a jikin masu shan taba da masu wasu cututtukan hanji.

Inda suke da amfani shi ne a wurin wadda cutarta ta riga ta bazu kuma tana kan magani, inda likita yake bin hawa da saukar lambar tare da hoton jiki da yadda ita kanta take ji. Ko a nan ma lambar tana iya tashi a makonni huɗu zuwa shida na farkon sabon magani saboda ƙwayoyin da ke mutuwa suna zubar da abin da ke cikinsu, ba don cutar ta ƙaru ba. Ƙungiyar likitocin daji ta Amurka ba ta goyon bayan amfani da su wajen tantance masu lafiya, ko wajen bibiyar wadda aka gama yi wa maganin dajin da bai bazu ba. Wadda ta ji ƙulli a nono, abin da take buƙata shi ne hannun likita, hoton nono da ɗibar tsoka.

Akwai wasu alamomin bayan waɗannan?

Akwai da dama, amma kaɗan ne suka shigo aikin yau da kullum. PD-L1 furotin ne da ƙari yake ɓuya a bayansa don sojojin garkuwar jiki su ƙyale shi; ana auna shi a mai rashi uku da ya bazu, idan makinsa ya kai 10 ana iya ƙara maganin pembrolizumab a kan kemo. E-cadherin shi ne mannin da ke haɗa ƙwayoyi, kuma rashinsa yana nuna wani nau'i, kusan ɗaya cikin goma na dajin nono, wanda ƙwayoyinsa suke ratsa nama a jere kamar tururuwa maimakon su dunƙule, shi ya sa hannu da hoto suke iya kuskure masa. uPA da PAI-1 suna da alaƙa da yadda ƙari yake narkar da naman da ke kewaye da shi don ya sami hanyar fita, sai dai gwajinsu yana buƙatar ɗanyar tsoka da aka daskarar da ƙanƙara, don haka bai yaɗu ba.

Idan ƙarina yana da HER2 ko ER, 'ya'yana mata za su gada?

Ba za su gaji wannan ba, domin sauyin ya faru ne a cikin ƙarin kaɗai, ba a cikin ƙwan da aka haife su da shi ba. Abin da ake gada shi ne lahani a ƙwayoyin gado irin su BRCA1 da BRCA2, waɗanda furotin ɗinsu ke gyara ɓarnar da ta sami ƙwaya, kuma ana iya gadonsa ta wajen uba kamar yadda ake gado ta wajen uwa. Wani bincike da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago ta jagoranta tare da likitocin Ibadan, aka buga a 2018, ya sami lahanin BRCA1 a kashi 7 cikin 100 na matan Najeriya masu dajin nono da aka gwada, na BRCA2 kuma a kimanin kashi 4. Dajin masu lahanin BRCA1 yawanci mai rashi uku ne. Don haka matashiyar da aka sami wannan nau'i a jikinta, ko wadda dajin nono ko na gidan ƙwai ya kama mutane da dama a danginta, ko namiji a dangin ya taɓa yin dajin nono, ya dace ta faɗa wa likita wannan tarihi.

Tsakanin alamomi da matakin cuta, wanne ya fi muhimmanci?

Girman ƙari, yawan kaluluwar da ya kama, da ko ya kai wani sashen jiki, su ne har yanzu suka fi nuna makoma. Ƙaramin ƙari mai rashi uku da aka kama da wuri ya fi babban ƙari mai ER da ya fashe ya zama gyambo kyakkyawan fata. Tun 2018 tsarin ƙididdigar mataki da ake bi a Amurka ya haɗa ER, PR da HER2 da girman ƙari wuri guda, domin mataki yana nuna nisan da cuta ta yi, alamomi kuma suna nuna makamin da za a tunkare ta da shi.

Idan kuɗi bai kai a yi dukkan gwaje-gwajen ba, da wanne za a fara?

Likitan da ke duba majiyyaciya ne zai yanke wannan, amma tsarin da ya fi dacewa da hankali a bayyane yake. Na farko shi ne tabbatar da cewa ƙarin daji ne da kuma nau'insa. Sai ER, domin amsarsa tana kai wa ga magani mai arha da ake samu a kusan kowane babban gari, kuma tana hana a ɗora mace a kan tamoxifen shekara biyar alhali ƙarinta ba shi da wurin da maganin zai kama, ta ɗauki illarsa ba tare da amfaninsa ba. Sai HER2, wanda ko trastuzumab bai samu nan take ba yana taimaka wa likita wajen tsara kemo. Ki-67 yana iya jira, CA 15-3 kuwa a farkon cuta ba shi da gurbi a wannan lissafi.

Tsokar da aka daskarar cikin kaki tana daɗewa shekaru ba ta lalace ba idan tun farko an adana ta da kyau, kuma ɗakin gwajin yana ajiye ta ƙarƙashin wata lamba da ke rubuce a saman takardar sakamako. Da wannan lamba ake iya komawa bayan wata shida ko shekara biyu a nemi a ƙara gwajin da ba a yi ba, ko a karɓi dunƙulen kakin a kai wani asibitin koyarwa a Kano, Zariya, Sakkwato ko Abuja a sake dubawa, ba tare da an sake soka wa majiyyaciya allura ba.